Abin da Lalle Ya Ɓoye

"Sake hwaɗi, Nafi'u. Kila ni ce ban ji da kyau ba."

Nafi'u bai ɗago ba. Yana zaune a kan bencin zauren Iya Safi, mahaifiyar Nasiba, yana ta juya makullin motonsa, wato babur, tsakanin yatsu. Malamin lakkwal ne, makarantar boko, mutumin da yake tsayawa gaban yara sittin bakinsa bai sarƙe ba, amma yau sai ya haɗiyi yawu kafin kalma ɗaya ta fito.

"Innata ta yarda da auren," ya ce. "Ta ce a kawo goro in an gama sussuka. Sai dai..."

"Sai dai mi?"

"Ke ɗai za ki tare. Haske ta zauna nan wurin Iya."

Nasiba ta waiwaya ta ƙofar cikin gida. Ga 'yarta Haske can gindin bishiyar bedi, 'yar shekara uku, ta goya kwalba da ɗankwali tana jijjiga ta. Wuyanta sai sheƙi yake da man kaɗanya.

"Don mi?"

"Ta ce ɗiyar hwari ta kaka ce. Haka anka gada."

"Wannan ta hwaɗa ma mutane. Kai mi ta hwaɗa maka?"

Sai da ta sake tambaya, hawaye sun riga sun cika mata ido, sannan ya ce, "Ta ce ta ga jikin yarinyar ran sunan gidan Ibrah. Wai ta san irin ciwon. Ba ta kama sunanshi ba, amma na gane abin da take nuhi."

"Kuturta." Nasiba ta faɗi kalmar da kanta. "Ɗiyata ake ce ma kuturwa, kai kana zaune?"

"Wallahi ban zauna ba, Nasiba! Na rantse mata, na ce kirci ne, na ce likita ta gani, na ce ba a ɗauka. Sai ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Ki ba ni lokaci. Ki tare tukuna, in ta saba da ke, wata biyu, wata uku, sai mu ɗauko ta."

"Wata uku!" Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci tana share fuska da gefen mayafi. "Kai da ka ɗauke mu a moto ran da jikinta ke tsiyayar ruwa, kai ne ka manta? Kwana uku aka fasa shafa mata mai, ka san abin da zai faru."

Ai kuwa bai manta ba. A ranar ya fara ganinta, tsaye bakin hanya da yarinya a kafaɗa, mijinta bai shekara da rasuwa ba.

Kircin ya fara ne a kumatun Haske, ya sauka wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, kafin a ankara ya game baya da ciki. Fata ta bushe ta tsattsage, yarinya tana susa har jini. Babu abin da ba a gwada ba. Iya Safi ta dafa ganyen bedi ta yi mata wanka da ruwan yana tururi, ta dirje ta da soso da sabulun salo, wai sai an fitar da dattin ciwon. An sayo wani mai a tiren kasuwa, wanda mata ke shafawa don su yi haske. Kullum jiya ta fi yau.

Sai da suka je wurin majo, babbar mai jinya ta ƙaramar likitar unguwa, wato asibiti. Ta duba yarinyar tun daga kai har tafin ƙafa, ta ce egzema ne, abin da muke ce wa kirci. Ta ba da maganin sha na kwana bakwai saboda wuraren da suka yi mugunya. Ta ba da bututun man magani biyu, mai sauƙi na fuska, mai ɗan ƙarfi na jiki. Ta kama yatsan Nasiba ta matsa man daga kan yatsa zuwa gaɓar farko.

"Wannan ya isa wurin da ya kai tafin hannunki biyu. Kada ki ƙara don kina sauri, kada ki rage don kina tsoro. Inda ya yi ja kawai. Sauran jiki man kaɗanya, safe da yamma, ko ta warke. A jefar da soso. Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanka gajere, a yanke mata farce. Ciwo ne mai tafiya ya dawo, amma in kin riƙe shi, shi ba zai riƙe ta ba."

Nasiba ta riƙe. Sati biyu fata ta lafa, wata guda Haske ta fara barci ba kuka. Da ya so ya taso lokacin zafi, ta koma wurin majo, aka sake kwantar da shi. Matan unguwa kuwa suka samu abin taunawa: wai Nasiba ba ta da kunyar ɗan fari, tana zaunar da 'yar fari a cinya gaban jama'a tana mulke ta, har tana kiran sunanta da bakinta. Ta ji, ta toshe kunne.

"Iya tana son jikarta," ta ce wa Nafi'u, "amma hannunta ya saba da soso. Ina juya baya za ta ɗora tukunyar bedi. Ban barin ta. Ko don kai."

"To ni hwa?" Muryarsa ta karye. "Ni in yi yaya da raina?"

Ta tashi ta shige gida da gudu-gudu, don kada ya ga yadda kukan ya ci ƙarfinta.

Iya Safi tana bakin murhu, kuma ta ji komai, domin zauren ba shi da sirri.

"Sai ki share hawaye ki saurare ni," ta ce. "Na'Allah na Bonkuku ya sake aikowa. Jibi ran kasuwa 'yan uwanshi za su zo bayan azahar. Mutumen nan ya ce ke da ɗiyarki duka shina so. Bai ce a bar kowa ba."

"Iya, ban son shi."

"Mi ya yi miki? Dattijo ne, ga shanu, ga rufin asiri."

"Bai yi mini komi ba."

"To. Wanda kike so uwarshi ba ta son ɗiyarki. Wanda ke son ɗiyarki ke ba ki son shi. Ni na gaji da ba mutane haƙuri. Jibi in sunka aje goro, kawunki zai karɓa, sai in kin zo da magana mai kai."

Nasiba ta jawo Haske ta zaunar a cinya. Ta wanke hannu, ta buɗe gwangwanin man kaɗanya, ta fara daga wuya kamar kullum. Tana shafawa tana tunani. Duk abin da ta sani game da Inna Kubura, mahaifiyar Nafi'u, a bakin wasu ta ji. Ita ma tsohuwar, kallo ɗaya ta yi wa Haske daga nesa a taron suna.

Ba a yi ba, bazawara ta kwashi ƙafa ta je gaban uwar mai nemanta. Za a ce ta zubar da kunya. To, ai an riga an faɗa.

Ran kasuwa da sassafe motocin garinsu Filinge kan fita wayam zuwa ƙauyukan Kurfai su kwaso masu kaya. Nasiba ta goya Haske, ta saka bututun magani da man kaɗanya a jaka, ta shiga wadda za ta Tudun Gawo, ƙauyen su Nafi'u. Hanya duk rairayi, gonaki an girbe, damman gero jingine a jikin rumbuna.

Ta tarar da Inna Kubura ita kaɗai a bayan gida tana shiƙar geron da za ta kai kasuwa. Doguwar mace ce, riga mai dogon hannu duk da rana ta fara ɗagawa, hannuwanta jawur da lalle har wuyan hannu. Kowa a garin ya san Kubura da lalle. Wani bai gama kodewa ba ta ƙunsa wani, ko babu biki.

Nasiba ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau." Tsohuwar ta dube ta, ta dubi goyon, fuskarta ta ɗaure. "Shi ya aiko ki? Ya hita tun asuba, wai za ya wurin kawunki roƙo."

"Bai san na zo ba."

"Ashe abin da ake hwaɗi gaskiya ne. Ba ki da ta ido."

"Ina da ita, Inna. Na aje ta gida ne yau, don ta yi mini nauyi a hanya."

Kamar bakin tsohuwar zai motsa, sai ta kanne. Baƙo dai baƙo ne. Ta shiga ta fito da ƙwaryar ruwa ta miƙa wa Nasiba. Da Haske ta miƙo hannu, sai ta yi wuf ta janye ƙwaryar, ta koma ta ɗauko wani tsohon gwangwani, ta zuba ruwa a ciki, ta ajiye a ƙasa ta tura shi da ƙafa.

Haske ta dubi gwangwanin, ta dubi uwarta.

Nasiba ta yunƙura za ta tashi, ta riga ta ce a ranta Na'Allah ya yi nasara. A daidai lokacin iska ta juyo da ƙurar geron, sai ta ga Inna Kubura ta manna bayan hannunta a bakin turmi tana gogawa, a hankali, da ƙarfi, haƙoranta a cije, idonta a wani wuri kamar ba ita ke yi ba.

Nasiba ta san wannan gugar. Shekara guda tana kallon Haske tana yin irinta a jikin ƙafar gado.

Ta koma ta zauna. Ta ƙura wa hannuwan ido. A ƙarƙashin jan lallen fatar ta yi kauri kamar ɓawon itace, gaɓoɓin yatsu sun tsage, wani tsagin da ɗanyen jini. Da tsohuwar ta ɗaga faifai, hannun riga ya zame, ga shi nan ya hau har gwiwar hannu.

"Inna," ta ce a hankali, "da kaka ya fi tashi, ko? In kin yi sussuka. Da kuma in kin yi wanki da garin sabulu."

Faifan ya tsaya a sama.

"Mi kike cewa?"

"Yana hana ki barci. In kin sa ruwan zafi sai ki ji daɗi, in an jima ya dawo ya fi da."

"Tashi ki bar mini gida!"

"Zan tashi. Amma ki ba ni amsa ɗaya. Yana ƙaiƙayi?"

Inna Kubura ta ja hannun rigarta ta rufe. Ta duba dama da hagu, babu kowa sai kaji. Sai ta zauna a kan wani turmi da ke kife.

"Kamar in yanke hannun in yar," ta ce da wata murya da ba irin ta ɗazu ba.

"To ba abin da kike tsoro ba ne. Na tambayi majo, don ni ma an tsorata ni. Ta ce waccan cutar ba ta ƙaiƙayi, wurin mutuwa yake yi, ko an taɓa ba ka ji. Kuma ita ma yanzu tana da magani, ana warkewa sarai. Naki irin na Haske ne."

"Ke yarinya ce, ba ki ga abin da na gani ba." Hawaye suka gangaro mata. "Ina 'yar budurwa anka hidda gwaggota daga gida. Anka yi mata bukka bayan gari. Ni ke kai mata tuwo, in aje daga nesa in ruga. Ƙwaryarta daban, har ta mutu ba wanda ya sha a cikinta. Da nawa ya hito, bayan na haihi wancan, sai na ce jinin gidanmu ne ya biyo ni. Shekara talatin ina ƙunsa lalle. Ko mahaihinshi ya tahi kabari bai sani ba."

"Allah sarki, Inna."

"Da na ga ɗiyarki ran suna, gabana ya hwaɗi. Na ce in ta shigo gidan ga, idon gari zai dawo kanmu. Masu zuwa kallon jikinta za su kalli hannuna. Su ce gidan Kubura..." Ta kasa ƙarasawa.

Nasiba ta ɗage rigar Haske.

"Dubi bayanta, Inna. Wata shida da sunka wuce babu inda za ki aza yatsa. Taɓa ki ji."

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Fata sumul, sai ɗan duhu-duhu inda ciwon ya taɓa zama. Ta miƙo hannu, ta janye, ta sake miƙowa. Yatsunta masu kaushi suka sauka a bayan yarinyar. Haske ta ƙyalƙyale da dariya, ta noƙe.

"Kaka, hannunki na cizo!"

Ta kamo hannun da nata biyu ta juya shi, ta ga tsagin, ta tsuke baki irin na manya.

"Mama, kaka ta yi susa. A yanke mata farce."

Inna Kubura ta yi dariya cikin kuka, har tana tari.

"Ji mini 'yar nema! Ke kinka zama likitar?" Ta share ido, ta sassauta murya. "Maganin yana nan tare da ke? Ɗan shafa mini, ba sai kowa ya ji ba."

Hannun Nasiba ya kai kan jaka. Ta san in ta fito da bututun nan ta gama sayen zuciyar tsohuwar a nan take. Ta tuna man tiren kasuwa, ta tuna yadda ita ma ta taɓa shafa wa 'yarta abin da ba a duba ba.

"Ban iyawa, Inna."

Fuskar ta sake ɗaurewa. "Rowa za ki yi mini?"

"Wannan an auna shi ne da jikin yarinya. Naki ya daɗe, ya yi kauri, ga tsagi a buɗe. Kila mai ƙarfi za a ba ki, kila sai kin sha wani tukuna. Kuma ni ba likita ba ce, ido kawai gare ni. Man kaɗanya zan shafa miki yanzu, shi ba ya ɓata komi. Sauran sai majo ta gani da idonta."

"In shiga likita ran kasuwa? Duk Kurfai tana Filinge yau!"

"Sai mu ce jikarki kinka rako."

Kalmar ta fita kafin Nasiba ta tauna ta. Ta sunkuyar da kai, kunyar da ta ce ta bari a gida ta iso ta a lokaci ɗaya. Can bakin gari mota ta yi oda. Tsohuwar ta dubi geron da ba ta gama shiƙa ba, ta dubi hannunta da ke sheƙi da mai, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi.

A likita majo ta sa aka ja labule. Ta naɗe hannun rigar har kafaɗa, ta duba, ta tambayi shekarun ciwon, ta girgiza kai. Ta ce tsohuwar ta rufe ido, ta ɗauki ɗan auduga tana taɓa wuraren ɗaya bayan ɗaya.

"Nan hwa?"

"Ina ji."

"Nan?"

"Ina ji. Wallahi ina ji!"

"To Inna, kirci ne. Ba ya kama kowa, ko ƙwarya ɗaya kuke sha. Ga mai, safe da yamma, sati biyu ki dawo in gani. A huta da sussuka da wanki, a huta da lalle har fatar ta haɗe. Wa zai riƙa shafa miki a inda hannunki bai kai ba?"

Inna Kubura ta buɗe ido. Ba ta dubi majo ba.

"Akwai mai yi," ta ce.

Sun fito ana kiran azahar. Sai yanzu Nasiba ta tuna da baƙin Na'Allah. Suka ratsa kasuwa da sauri, Haske a bayan Inna Kubura, domin tsohuwar ta ce ita za ta goya, kuma ba a musa mata.

Daga nesa Nasiba ta hango farar motar baƙin a ƙofar gidansu. Ga Nafi'u tsaye jikin katanga, ido ya yi ja, alamar roƙonsa bai karɓu ba. Da ya ga wadda ke tafe da goyo, makullin moton ya suɓuce daga hannunsa.

"Inna?"

"Kauce mini, sakarai. Kai ka tsaya waje kana kuka, mace ta yi maka aikin."

Ta yi sallama ta kutsa zauren. Dattawan Bonkuku uku suna zaune, kawun Nasiba a gefe, ƙullin goro a tsakiyar tabarma ba a kwance ba tukuna. Iya Safi ta leƙo daga cikin gida riƙe da ƙwaryar ruwan baƙi, ta yi turus.

Inna Kubura ta karɓi ƙwaryar daga hannunta. Ta sauke Haske, ta durƙusa, ta kafa mata a baki har ta ƙoshi. Sannan ta juya ƙwaryar daidai inda bakin yarinyar ya taɓa, ta sha, kowa yana kallo, hannun rigarta a naɗe har gwiwa.

Ta goge baki, ta dubi kawu.

"Malam, kada a kwance goron ga. Ku yi haƙuri, baƙi, kun sha hanya. Ni na riga ku, kuma biyu na zo nema."